Allura Marar Magani: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Miƙa Jiki



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan wata hanyar jinya da wasu likitocin gashin ƙashi suke amfani da ita, wato soka allura marar magani. Maganar ta shafe mu, domin a ƙasar Guri ciwon baya da na kafaɗa ba baƙi ba ne. Manomin shinkafa a fadama, da masunci mai jan taru, da mai yankan kacala a cikin ruwa, kowa yana kuka da su. Mu ma da ke wuni kan kujerar ofis ba mu tsira ba.

Ga yadda abin yake. Idan tsoka ta gaji, takan yi wani ƙulli mai zafi. Sai likita ya laluba ya gano wurin, ya soka siririyar allura wadda ba ruwan magani a cikinta, har tsokar ta zabura ta saki. Wani likita ɗan ƙasar Cekosulobakiya, Karel Lewit, shi ya nuna a 1979 cewa sukar kanta tana rage zafi ko ba a ɗura komai ba. Ta bambanta da sakiya, domin ba a ƙona ta a wuta, kuma ba ƙurji ake fasawa ba.

To, ina illarta? A 2014 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Ayalan, inda likitocin gashi 39 suka rubuta abin da ya faru a jinya 7,629. Kusan 19 cikin 100 sun zo da ƙaramar matsala: ɗigon jini, taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko zafi a wurin. Ba a sami babbar illa ko ɗaya ba. Irin waɗannan ƙanana sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Wasu kuma jiri kan ɗebe su, shi ya sa ya fi kyau a yi wa mutum yana kwance.

Amma akwai manya guda biyu. Na farko, huhu. Tsakanin fatar kafaɗa ko gadon baya da huhu ba wata tazara mai yawa, musamman ga siririn mutum. Idan allura ta zarce, iska takan shiga ƙirji ta danne huhun. Wannan ba ya yawan faruwa, amma yana iya kisa. Duk wanda ya ji numfashi yana yi masa wuya, ko suka a ƙirji, ko busasshen tari bayan an yi masa, ko da bayan sa'o'i ne, a garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Na biyu, cutar da ke bin jini. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Allura ɗaya a jikin mutum biyu ta isa ta yaɗa shi, har da ƙanjamau. Haka askar wanzami wajen ƙaho da tsaga.

Saboda haka, kafin ka tuɓe riga, yi abu uku. Tambayi mai allurar ko yana da rajista da hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 don kula da masu wannan aiki, kuma ko ya koyi sukar musamman. Ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka. Sannan ka faɗa masa in kana shan maganin tsinka jini, ko kana da ciwon suga. Mace kuma ta faɗa in tana da juna biyu. Wanda ya san aikinsa ba ya fushi da tambaya.

'Yan'uwa, mu ne 'yan boko a gidajenmu, mu ake tuntuɓa in za a kai tsoho asibiti a Haɗeja ko Kano. Mu isar da wannan ga waɗanda ba su halarta ba, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana.