JI YA KORI GANI
Jawabin shugaban kwamitin sayen lasifika a taron shekara-shekara

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Wata huɗu ke nan da kuka tara kuɗin lasifika da amfilifaya domin ɗakin taron makarantarmu, har yau ba mu sayo ba. Kuɗinku na banki, ko kwabo ba a taɓa ba. Gardama ce ta tsai da mu. Mu biyar muka je kasuwar Sabon Gari a Kano, aka kunna mana kala uku, kowa ya zaɓi tasa, muka dawo ba ma ga-maciji.

Wannan ya tuna mini da 1986, lokacin da na karɓi albashina na farko. Na sayo wa mahaifina ƙatuwar rakoda mai kaset biyu, na kai masa Durba ina taƙama. Na sa masa kaset ɗin marigayi Alhaji Mamman Shata. Ya saurara can, sai ya ce, "Yaro, wannan ta mai da kalangu ganga." Ya koma ga 'yar rediyonsa mai batir biyu, wadda ke kamo masa Kaduna da BBC a gajeren zango. Ranar na ji haushi, amma yau na san gaskiyarsa. Ni rugugi nake nema, shi kuwa magana yake son ji.

Malaminmu na kimiyya, ga shi nan zaune, ya koya mana cewa kunnen yaro yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma siririn sauti shi ke fara ɓace wa mutum in girma ya zo. Ashe dattijon kwamitinmu da ya ce lasifikar ta dushe, da matashinmu da ya ce tana tsaga kunne, duk ba wanda ya yi ƙarya. Ɗaki ma yana da nasa. Abin da ya yi daɗi a shago cike da kwalaye, in ya shiga ɗakin siminti mai rufin kwano, amsa-kuwwa ce za ta cinye shi. Lambar wat da ake dankarawa a jikin kwali kuwa ba ta gaya maka komai game da daɗin sauti.

Saboda haka ga shawararmu. Mai shago ya yarda ya kawo duk ukun ɗakin taron. Za mu lulluɓe su da zane don kada suna ko girma ya ruɗe mu, shugaban makaranta ya karanta sanarwa, ɗaliban bencin baya su ɗaga hannu ga wadda suka fi ji. Su za su zauna da ita, ba mu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne zai kori gani.

Muna roƙon amincewarku.