Wa Zai Yi wa Kurma Tafinta?



Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, wato maganar hannu, kuma iyakar Maigatari ba ta raba shi biyu ba. Amma fa makarantun kurame, tun daga wadda Andrew Foster ya buɗe a Ibadan a 1960, alamun Amurka suka ɗauka. To, dattijon Kiyawa da bai taɓa shiga aji ba, in ya zo kotu ko asibiti a Dutse, wa zai yi masa tafinta? Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, sai dai doka ba ta koyar da tafinta. Ina roƙon ƙungiyarmu ta nemi hukumomin Jigawa da na Damagaram su haɗu su horar da tafintoci da maganar hannu ta gida.