Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Tara Zanen Ɗab'i na Masu Zanen Birtaniya



Abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne zanen ɗab'i na masu zanen Birtaniya na ƙarni na 20, da yadda mai sha'awar tara shi zai san abin da yake saye. Bari mu fara da ma'anar abin. A zanen ɗab'i, mai zane yakan sassaƙa hoto da hannunsa a jikin katako ko ledar ɗaki, ko ya zana a kan dutse, ko ya karce farantin jan ƙarfe ya tsoma shi cikin ruwan asid. Sannan a shafa tawada, a ɗora takarda, a danne. Kowace takarda da ta fito aikin asali ce, domin babu wani hoto a bayanta da aka kwafa. A ƙasanta za ku ga lamba da fensir, misali 12/50, wato ta 12 cikin 50 da aka buga.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ganina wannan ita ce hanyar fahimtar waɗannan masu zane, kuma zan kawo mutum uku.

Na farko Eric Ravilious, wanda aka haifa a 1903 ya tashi a Eastbourne ta yankin Sussex, inda tuddai na farin alli suke gangarowa teku. Ku duba ƙananan sassaƙe-sassaƙensa na katako, wasu ba su kai tafin hannu ba: layuka sirara suna bin gangaren tudu yadda kunya take bin gona, hanya fara ta ratsa ta tsakiya. Mutum ne da ya taka waɗannan tuddai tun yana yaro. A 1938 ya fitar da littafin High Street mai hotunan shaguna 24. Kwafi 2,000 aka buga, farantan kuma suka salwanta a ruwan bama-baman da aka yi wa Landan. Shi kansa ya ɓace a 1942 cikin jirgin sama a gaɓar Iceland, yana aikin zanen yaƙi. Abin baƙin ciki, 'yan kasuwa kan yayyage littafin su sayar da shi shafi-shafi don riba. Ina roƙon duk wanda Allah ya ba cikakken kwafi ya bar shi a ɗinke.

Na biyu abokinsa Edward Bawden, shi ma haihuwar 1903, ɗan Braintree ta yankin Essex, wanda ya zauna shekaru a ƙauyen Great Bardfield. Ledar ɗaki, wadda muke takawa kullum, ita ce allonsa. Hotonsa na gadar shaƙatawa ta Brighton na 1958 ya fi ƙarfin injin ɗab'insa, sai ya shimfiɗa ledar a ƙasa, ya ɗora takarda, ya riƙa takawa da ƙafa har tawada ta kama. Wanda ya san wannan, in ya ga wurin da launi bai cika ba, ba zai ɗauke shi aibi ba, domin sawun aikin ne. Gidan adana zane na Fry da ke Saffron Walden yana riƙe da ayyukansa da na maƙwabtansa na wannan ƙauye.

Na uku L. S. Lowry, 1887 zuwa 1976, kuma a nan zan ja kunnenku. Shekaru da dama yana aikin karɓar kuɗin haya a unguwannin Mancesta da Salford, gida-gida. Can ya ga masaƙu da hayaƙinsu, da ma'aikata suna tururuwa zuwa aiki kai a sunkuye. A 2022 aka sayar da hotonsa na masu tafiya kallon ƙwallo, wanda ya zana a 1953, kan fam miliyan 7.8, hoton ya koma Salford. Sunansa ya yi tsada, shi ya sa kasuwa ta cika da takardu masu sa hannunsa. Mafi yawansu hoton zanen fenti ne aka ɗauka da kyamara, inji ya buga ɗaruruwa, sannan ya sa hannu. Ba jabu ba ne, amma ba hannunsa ne ya zana farantin ba. Ku sa gilashin ƙara girma: in kun ga ɗigo-ɗigo jere a tsare kamar hoton jarida, bugun inji ne. Akwai na asali, irin wanda ya yi wa shirin hotunan makarantu da Brenda Rawnsley ta kafa bayan yaƙin duniya na biyu domin yara su tashi suna kallon zane mai kyau a bangon aji.

To me mai tarawa zai yi? Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ya tambayi yadda aka buga, da wace maɗaba'a, da guda nawa, da hannun waɗanda takardar ta bi. Ya cire ta daga firam ya duba gefenta ko an datse, ko ruwa ya taɓa ta. In ta shigo hannunsa, ya nisanta ta da hasken rana da danshin damina da gara. Sama da duka, ya zaɓi yanki ɗaya ya san shi. Takardu biyar na Essex da mutum ya fahimta sun fi hamsin da ya tsinto saboda suna.

Ɗalibai, wannan darasi bai yi mana nisa ba. Bruce Onobrakpeya a Zariya ya yi karatun zane, ya zama gwanin ɗab'i da duniya ta sani, kuma tatsuniyoyi da dazukan ƙasar Urhobo, mahaifarsa, su ya riƙa sassaƙawa. Ravilious tudun garinsu ya kalla, Bawden ƙauyensu, Lowry layin da yake karɓar haya. Ku ma kuna da marina da ganuwa da kasuwar ƙauye, ledar ɗaki kuwa ba ta da tsada. Masu tarawa na gobe abin da kuka sani da idonku za su nema.