Masu Bincike Sun Shigo Gari: Me Suke Nema?

Malamai da ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata.

Yau zan yi magana a kan baƙin nan da kan shigo ƙauyukanmu da takarda da biro, ko da waya a hannu, suna tambaya: Mutum nawa ne a gidan nan? Gona nawa gare ka? Ina kuke ɗebo ruwa? Da yawanmu kan zaci masu haraji ne. Wani ya ɓoye 'ya'yansa, wani ya rage yawan awakinsa. Alhali yawancinsu masu binciken zaman jama'a ne. Aikinsu yana da matakai huɗu, kuma ya kamata mu san su.

Mataki na farko shi ne tsayar da tambaya. Mai bincike ba ya fita sai ya san abin da yake nema. Misali: me ya sa 'yan mata ke barin makaranta kafin su gama aji shida?

Na biyu shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya. Mai sayen gero ba ya zazzage buhu duka. Hannu yake cusawa ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa. Idan ya duba na sama kawai, ana iya cutarsa. Haka mai bincike. Idan ya tsaya ƙofar gidan mai gari kaɗai, ba zai ji ta talaka ba, balle ta matan da ke cikin gida. Saboda haka akan rubuta gidaje duka, a jefa ƙuri'a. In an tsallake gidanka, ba raini ba ne, ƙuri'a ce ba ta faɗo kanka ba. Ƙidaya ce kawai ake bi gida-gida ba tsallake, kamar ta 1991 da ta 2006, wadda ta sami mutum miliyan 140 a Nijeriya.

Na uku shi ne tattara bayani. Akwai takardar tambayoyi, wadda ake yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Akwai doguwar hira. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, tana rubuta labarin rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Sai kuma zama cikin mutane ana lura da yadda suke yi, don gani ya kori ji.

Na huɗu shi ne lissafi da auna sakamako. Nan ake son natsuwa. Abu biyu na iya zuwa tare, amma ba ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Wasu kan ce sabuwar masara ke kawo zazzaɓi. A'a, damina ce ta kawo masara, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. Sauro ne mai laifi.

To, ina amfanin wannan a gare mu? A 1966 da 1967, David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikinsu da amfanin da suka samu. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafi ya nuna haɗin ya fi riba a kowace eka, kuma in wani iri ya ƙi, wani ya yi. Da manoman sun ɓoye gaskiya, da masana ba su gane hikimarsu ba.

Saboda haka, jama'a, idan mai bincike ya zo, ku tambaye shi sunansa, da wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da bayanin. Yanzu kun iya karatu, ku karɓi takardar shaidarsa ku karanta da kanku. Ku tabbata mai gari ya san da zuwansa. Kuna da ikon ƙin amsa tambayar da ba ku so. Mai bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya neman lambar sirri ta banki.

Amma in kun yarda za ku amsa, ku faɗi gaskiya, ba ragi ba ƙari. Garin da ya ɓoye yaransa, ajin makaranta da allurar rigakafi da za a lissafa masa ba za su ishe shi ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.