Kiwo ko Dillanci? Jawabi kan Hannun Jarin Kamfanonin Fasaha



Tun da manhajojin sayen hannun jari suka shigo wayoyinmu muhawara ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu: a saya a riƙe, ko a saya da safe a sayar da yamma? Mu mutanen Sakajiki mun san hanyoyin nan biyu tun kafin zuwan waya. Akwai mai ɗaure tunkiya har ta haifa masa, akwai kuma dillalin kasuwar Shinkafi da ba ya barin dabba ta kwana a hannunsa. Dillali yana samu, amma a kara yake wuni. Mu kuwa a gaban allo muke wuni.

Mu ɗauki MTN, wanda layinsa ke aljihun yawancinmu. A Disambar 2021 an sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan Naira 169, mafi ƙaranci guda 20, wato Naira 3,380, da kyautar ɗaya a kan kowane 20 ga wanda ya riƙe shekara guda. Masu riƙon sun ga tashin hankali. Faɗuwar darajar Naira ta jefa kamfanin cikin asara a 2023 da 2024, rabon riba ya tsaya, farashin ya komo kusa da inda ya faro. A 2025 sai ya haura Naira 400. Wanda fargaba ta sa ya sayar ana tsakiyar asarar, sai dai ya ji labari.

Mai saye da sayarwa kullum yana biyan la'ada a shiga, ya biya a fita, ko ya ci ko bai ci ba. Sa'annan kasuwarsa a kan sabis take tsaye. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, muka yi makonni ko gaisuwa ba ma iya aikawa, balle umarnin sayarwa.

Ba mu ce riƙo ba ya da haɗari ba. Nokia ma ta taɓa mulkin duniyar waya, yau 'yan ajinmu da ƙyar suke sanin sunanta. Don haka abin da muke ba da shawara shi ne riƙo, amma ba a kamfani ɗaya ba, kuma ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista. Kuɗin gero da na makarantar yara kada su shiga. Kuɗin adashi ma, in an riga an yi masa alkawarin buhun taki, a bar shi ya tafi gona.