Tsohuwar Kwamfuta da Nauyin Ado: Jawabi a kan Manajan Tagogi Mara Nauyi

 

GABATARWA

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, watau ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin bayanai ke bi, in ban da ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 da ya gaje shi kuwa yana da sharuɗɗa: ma'adanar wucin gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM, ta kai gigabait 4, ma'ajiyar fayiloli ta kai gigabait 64, a kuma sami wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Yawancin injinan Intel da suka girmi zuriya ta takwas, wadda ta fara fitowa a 2017, ba sa cikin jerin waɗanda aka amince da su.

To, kowa ya san irin kwamfutocin da ke hannunmu. Galibinsu na hannu ne, sun yi wa wasu aiki a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu, kuma da su muke rubuta kundin kammala digiri, da su ƙananan ma'aikata ke buga wasiƙun ofis. Mai irin wannan kwamfuta yana ganin zaɓi uku ne a gabansa: ya sayi sabuwa da kuɗin da ba shi da su, ko ya ci gaba da amfani da tsarin da ba a kāre shi, ko kuwa ya jingine ta. Manufar wannan jawabi ita ce mu nuna cewa akwai hanya ta huɗu, domin kaso mai yawa na nauyin da ke danne tsohuwar kwamfuta nauyin ado ne, kuma ana iya sauke shi.

MENE NE MANAJAN TAGOGI?

Duk shirin da muka buɗe a kwamfuta yana bayyana ne cikin wani fili mai kusurwa huɗu da ake kira taga. Tilas a sami wanda zai yi wa tagar nan iyaka, ya rubuta sunanta a sama, ya bari a ja ta ko a faɗaɗa ta ko a rufe ta, ya kuma san wace taga ce za ta karɓi abin da muke bugawa. Shirin da ke wannan aiki shi ne manajan tagogi.

A Windows an ɗinke shi da sauran tsarin, ba a cire shi. A Linux kuwa labari ya sha bamban, kuma dalilin yana cikin tarihi. A 1984 aka fara ƙirƙiro tsarin nuna tagogi mai suna X a cibiyar MIT ta Amurka, nau'insa na sha ɗaya, watau X11, ya fito a 1987. Waɗanda suka tsara shi sun ƙi yanke hukunci a kan kamannin taga, sai suka bar wannan ga wani shiri na daban wanda mai kwamfuta zai zaɓa da kansa. Saboda haka aka yi ta rubuta manajoji iri-iri. Tom LaStrange ya fara twm a 1987. Robert Nation ya fitar da FVWM a 1993, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce rage cin ma'adana. Marko Maček ya fara IceWM a 1997. Daga baya Fluxbox da Openbox da JWM suka biyo, sa'an nan i3 a 2009. Iri biyu ne: masu ɗora taga a kan taga kamar takardu a tebur, irin su IceWM, da masu jera su gefe da gefe kamar tubala, irin su i3.

Ya kamata mu bambanta manajan tagogi da cikakken muhallin aiki irin su GNOME da KDE Plasma. Waɗannan suna da manajan tagogi a cikinsu, amma sun haɗa da wasu shirye-shirye masu yawa da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta: mai lissafa fayiloli domin sauƙin nema, mai duba sababbin manhajoji, mai sa tagogi su yi inuwa da lilo. Duk suna da amfani ga kwamfuta mai ƙarfi. Amma dokin da aka shirya wa hawan daba, da lifidi da jalala da tunjimi, ba shi ake ɗauka a yi doguwar tafiya ba. Idan ma'adanar wucin gadi ta cika, sai tsarin ya fara kwashe wasu bayanai yana ajiyewa a faifai, alhali faifai, musamman tsohon mai juyawa, ya fi ma'adana nawa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne lokacin da mutum zai danna harafi ya zauna yana jiran ya bayyana. Duk abin da aka rage na ado ya zama rabon aikin da muka zauna yi.

YADDA AKE SHIRYA SHI

Mun zaɓi IceWM domin misali saboda dalili uku. Kamanninsa ba baƙo ba ne ga wanda ya saba da Windows, ya zo da layin ƙasa mai agogo da jerin tagogi, kuma fayilolin shirya shi rubutu ne zalla wanda kowa zai iya karantawa.

Kafin komai, a kwafe kundi da sauran muhimman takardu a filashi ko wani wuri dabam. Sa'an nan a gwada Linux daga filashi ba tare da an taɓa faifan kwamfutar ba, a tabbata intanet da sauti da firinta suna aiki. Nau'in Linux mai suna antiX, wanda aka gina a kan Debian domin tsofaffin injina, ya zo da IceWM a shirye. Wanda yake da Debian kuma sai ya buɗe tagar umarni ya buga:

sudo apt install icewm

Bayan haka ya fita daga zamansa, ya zaɓi IceWM a shafin shiga, ya sake shiga. Tsohon muhallinsa na nan bai tafi ko'ina ba, yana iya komawa duk sa'ad da ya so.

Fayilolin asali suna cikin jakar /usr/share/icewm. Ba a gyara su a can. Ana kwafo su ne zuwa wata ɓoyayyar jaka mai suna .icewm a cikin jakar gida ta mai amfani, domin in gyara ya ɓaci a share kwafin a sake ɗaukowa. Huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na farko shi ne preferences, wanda ya ƙunshi ɗabi'un manajan. Kowane zaɓi yana da layinsa, da alamar # a gabansa, kuma layi ba ya aiki sai an cire alamar. Alal misali, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, sanin halin batir ya zama dole, sai a rubuta:

TaskBarShowAPMStatus=1

A nan ne kuma ake raɗa wa filayen aiki suna. Filin aiki kamar tebur ne na daban a cikin kwamfuta ɗaya, kowanne da nasa tagogin:

WorkspaceNames=" Rubutu ", " Karatu ", " Intanet "

Na biyu shi ne menu, watau jerin shirye-shiryen da ke fitowa in an danna maɓallin farawa. Kowane layi yana da suna, da hoto, da umarni:

prog "Rubuta Takarda" libreoffice-writer libreoffice --writer

A lura, sunan da ke tsakanin alamomin zance namu ne, muna iya rubuta shi da Hausa. Ɗalibin da ya shirya wa mahaifinsa ko ƙanwarsa kwamfuta yana iya mayar da jerin nan gaba ɗaya harshen gida cikin rabin sa'a, ya kuma cire duk abin da ba a bukata.

Na uku shi ne keys, inda ake ɗaura umarni a kan maɓallai:

key "Ctrl+Alt+w" libreoffice --writer

Daga nan, danna waɗannan maɓallai uku tare ya isa ya buɗe shirin rubutu, ba sai an nemi linzami ba. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda allon shafawar kwamfutarsa ya gaji.

Na huɗu shi ne startup, wanda mu ne za mu ƙirƙire shi. Shi ne jerin abubuwan da za su tashi tare da manajan, kuma a nan ne ainihin ikon yake, domin babu abin da zai tashi ta wannan hanya sai wanda muka rubuta. Layin farko shi ne #!/bin/sh, sa'an nan sauran su biyo. Wanda ke son alamar haɗa intanet sai ya sa nm-applet & a layi guda. Alamar & tana nufin shirin ya ci gaba da aiki a baya, kada ya tsare waɗanda ke bin sa, kuma mantawa da ita na cikin kurakuran da suka fi yawa. Bayan an adana fayil ɗin, tilas a ba shi izinin aiki da umarnin chmod +x, in ba haka ba IceWM zai wuce shi kamar babu shi.

A nan muna so mu ja hankalin masu nazarin Hausa musamman. Tsarin X yana da shimfiɗar maɓallai ta Hausar Nijeriya, mai ba da haruffa masu lanƙwasa. In aka sa wannan layi a startup:

setxkbmap -layout us,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle

to danna Alt da Shift tare zai riƙa sauya maɓallan tsakanin Ingilishi da Hausa. Ke nan ba mu da sauran uzurin rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa, ko bari a inda muke nufin ɓari.

AMFANI DA SHI YAU DA KULLUM

Maɓallai kaɗan sun wadatar. Alt da Tab suna sauya taga, Alt da F4 suna rufe ta, Ctrl da Alt da kibiyar hagu ko dama suna kai mu wani filin aiki. Mai rubuta kundi sai ya ajiye rubutunsa a fili na ɗaya, littattafan da yake dubawa a na biyu, burauza a na uku, kada ɗaya ya rufe ɗaya. Domin duba fayiloli da buɗe filashi, ƙaramin shiri irin PCManFM ya isa.

Ba mu so ku karɓi maganarmu ba gwaji, tun da gani ya kori ji. Umarnin free -m yana nuna yawan ma'adanar da ke cikin aiki. A buga shi da zarar an shiga tsohon muhalli, a rubuta adadin. A sake kunna kwamfutar a shiga IceWM, a sake bugawa. Bambancin da aka gani shi ne abin da ado ke ci.

IYAKACIN ABIN

Wajibi ne mu faɗi abin da manajan tagogi ba ya yi. Na farko, ba ya rage nauyin burauza. Shafukan intanet na yau suna cin ma'adana ƙwarai, kuma wanda ya buɗe ashirin a kwamfuta mai gigabait 2 zai sha jira ko wane manaja yake amfani da shi. Maganin wannan shi ne rage shafuka, in da hali kuma a ƙara ma'adana ko a musanya tsohon faifai da SSD.

Na biyu, tsaron da muka fara magana a kansa ba daga manajan yake zuwa ba. Daga nau'in Linux ɗin da ke ƙarƙashinsa yake, kuma sai an riƙa sabunta shi a kai a kai. Na uku, akwai manhajojin da aka yi domin Windows kaɗai, saboda haka ma'aikaci ya bincika abin da ofishinsu ke bukata, ya kuma nemi izini kafin ya taɓa kwamfutar gwamnati. LibreOffice yana buɗe takardun Word yana kuma adana su, amma tsarin shafi yakan ɗan goce, don haka a mayar da kundi PDF kafin a kai wurin bugawa.

Na huɗu, IceWM a kan X yake aiki, alhali manyan muhallai sun karkata zuwa sabon tsari mai suna Wayland, wanda aka fara a 2008. Can ma akwai marasa nauyi: Sway ya bi sawun i3, labwc kuma ya ɗauki salon Openbox. Wanda ya koyi karanta fayil ɗin shiri a ɗaya ba zai sha wahala a ɗayan ba.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, abin da muka kawo ba ya bukatar ko kwabo, sai filashi ɗaya da yammaci ɗaya da haƙurin karanta layi kafin a gyara shi. Ribarsa biyu ce. Kwamfutar da aka ce ta tsufa za ta iya raka mai ita har ya miƙa kundinsa, mai ita kuma zai san abin da ke tashi a cikinta da dalilin tashinsa, ya daina kai ta wurin mai gyara a kan abin da layi ɗaya zai warware.

Muna ba ƙungiya shawara ta keɓe rana guda a kowane zango, waɗanda suka iya su zauna da waɗanda ba su iya ba, kowa ya zo da kwamfutarsa da kwafin takardunsa. Muna kuma roƙon ɗaliban sashen harsuna su taimaka a daidaita sunayen da za a sa a jerin shirye-shirye, domin kada kowa ya raɗa nasa.