Kiɗa da wasa ma magani ne



Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a karkarar Konni ko Illela ya san aikin gangar noma. Rana ta take, baya ya gaji, amma da makaɗi ya kira sunan saurayi ya yi masa kirari, sai ka ga hauya ta yi sauƙi a hannu. Haka matan da ke lugude a bakin turmi: cikin waƙa suke fitar da damuwar da ba a faɗa wa miji ko uwar miji. 'Yan mata a dandalin gaɗa kuwa motsa jiki suke yi, ba tare da likita ya rubuta musu ba.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto da ya duba bincike sama da 3000, ta ce shiga waƙa, rawa da wasan kwaikwayo yana taimakawa wajen rage damuwa da kaɗaici, musamman ga tsofaffi da masu jinya. Ba a ce a bar asibitin Galmi a koma kalangu ba. Zazzaɓin cizon sauro magani yake so.

Abin dubawa shi ne dandali yana mutuwa. Injin niƙa ya karɓe turmi, waya ta karɓe hira. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, ƙungiyar Samariya ce ke tara matasa su yi wasan kwaikwayo a unguwa.

Hukumomin Konni, Malbaza da Illela, da sarakunanmu, a ware wa matasa fili da fitila, a bar su su yi wasa.